Yaro Ya Fara Rarrafe: A Gyara Masa Ƙasa, Kada A Hana Shi Ita

Ranar da yaro ya ɗaga cikinsa daga tabarma, ya dafa ƙasa da hannu biyu da gwiwa biyu, raino ya sake fasali. Jiya inda kika zaunar da shi nan za ki dawo ki tarar da shi. Yau kafin ki juya ki ɗauko ludayi ya bar tabarmar, ya nufi murhu ko bakin kwata. Abin da yawancin iyaye mata ke yi shi ne su saɓa shi a baya su ɗaure da majanyi, ya wuni a goye, hankalinsu kwance. Goyo yana da ranarsa, amma da rarrafe yaro kan tashi. A ƙasa kafaɗunsa da bayansa da ƙugunsa suke samun ƙarfin da zai tsaya da shi, a ƙasa idonsa yake koyon auna nisa, hannunsa yake koyon kama abu da sakinsa. Don haka aikin da ke gaban gida duka, har da maigida, shi ne a gyara masa ƙasar da zai bi.

Yaushe ne lokacinsa

Yawancin yara suna fara rarrafe tsakanin wata bakwai da wata goma, bayan zama ya kankama. Amma tazarar tana da faɗi ƙwarai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bi diddigin yara 816 a ƙasashe biyar, ciki har da Ghana da Indiya da Amurka, ta fitar da sakamakon a 2006. A cikin waɗannan yara masu ƙoshin lafiya, wasu sun fara rarrafe tun suna wata biyar, wasu sai da suka kai wata goma sha uku da rabi. Kusan huɗu cikin ɗari ba su yi rarrafen hannu da gwiwa ba sam, daga zama sai tsayuwa sai tafiya. Zama ba jingina ya kama daga wata huɗu zuwa tara, tafiya kuma daga wata takwas zuwa kusan sha takwas. Saboda haka in ɗan kishiyarki ko ɗan maƙwabciya ya riga naki da wata biyu, wannan kaɗai ba ciwo ba ne. Yaron da aka haifa bakwaini kuwa, a riƙa cire watannin da bai cika a ciki ba kafin a yi masa lissafi: bakwaini ɗan wata tara, a auna shi da 'yan wata bakwai.

Salon ma ya bambanta. Akwai mai jan ciki, akwai mai jan gindi yana zaune, akwai mai dafa hannu da tafin ƙafa ya turo baya sama. Wasu da baya-baya suke farawa, su yi ta kuka don abin da suke so yana ƙara nisa. Dalili shi ne hannu yana riga ƙafa ƙarfi, sai turawar ta mayar da shi baya. Cikin 'yan makonni yake gyarawa da kansa.

Taimakon da yake buƙata ba shi da tsada. Tun kafin ya fara motsawa, a riƙa kwantar da shi ruf da ciki idonsa biyu, ana kallonsa, minti uku zuwa biyar sau da yawa, har jimillar ta kai rabin awa a yini. In ya saba, a ajiye masa wani abu mai launi, kamar murfin roba ko ƙaramar ƙwarya, ɗan nesa da inda hannunsa ke kaiwa. In ya fara lilo gaba da baya a kan hannu da gwiwa, ki sa tafin hannunki a bayan tafin ƙafarsa ya sami abin tokarawa. A bar shi ba takalmi ba safa, a cire doguwar riga, musamman ga 'ya mace, don gwiwa tana take bakin rigar ta kifa da ita. Dangane da goyo, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada yaron da idonsa biyu ya wuce awa ɗaya a ɗaure a lokaci guda, ko a baya ko a kujera. Mace mai daka da girki da wanki ba kullum za ta iya kiyaye wannan ba, mun sani. Amma duk sa'ad da hannunki ya sami sarari, ki sauke shi.

Keken koyon tafiya, irin wanda ake zaunar da yaro a ciki ƙafafunsa na reto, ba ma ba da shawarar a saya. Ba ya sa tafiya ta zo da wuri, yana koya wa yaro tura kansa da kan yatsu, sannan yana kai shi bakin murhu ko dokin ƙofa da saurin da babba ba zai cim masa ba. Kanada ta haramta sayar da shi tun 2004 saboda yawan raunukan da ya jawo.

A duba gida da idon mai rarrafe

Ki durƙusa a tsakar ɗaki, kanki daidai tsayin nasa, ki duba ƙarƙashin gado da bayan ƙofa da gindin kujera. Abin da za ki gani zai ba ki mamaki. Wajen wata tara yaro yake koyon tsintar abu da babban yatsa da manuni, kuma duk abin da ya tsinta baki yake kaiwa, domin da baki yake gane abu. Ba rashin ji ba ne, duka ba ya hanawa. Ma'aunin da za ki riƙe: duk abin da bai kai faɗin yatsunki uku ba zai iya shiga bakinsa ya shaƙe shi. Gyaɗa, aya, gurjiya, ƙwayar masara, ƙwallon dabino, 'ya'yan carbi da ya tsinke, maɓalli, ɗan kunne, murfin biro, yankin ledar ruwa da aka ciza aka tofar, fashasshen balan-balan. A ƙara da allura da fil da reza. Mafi muni a cikinsu shi ne ɗan batiri mai kama da kwabo, na agogo da ƙananan kayan wasa masu wuta. In ya maƙale a maƙogwaro yana iya ƙona shi cikin awa biyu. Ko zargi aka yi ya haɗiye, asibiti nan take, ba a jira a gani a kashi.

Shara sau ɗaya da safe ba ta isa yanzu. A share da safe, a share bayan kowane cin abinci, a share bayan yayyensa sun dawo makaranta da alewa da gyaɗa a aljihu.

Wuta. Murhu, kurfoti, risho, tukunyar da aka sauke aka ajiye a ƙasa, filas ɗin shayi, dutsen guga na gawayi, bokitin da aka jefa wa hita. Toka tana yaudara: samanta fari, cikinta garwashi, awanni bayan an gama girki, kuma mai rarrafe da tafin hannu yake shiga. A kashe ta da ruwa ko a kife mata tsohon kwano mai nauyi. Ƙofar madafa a sa kafinta ya yi mata ɗan shinge na katako mai sakata, tsayinsa santimita 60 zuwa 75, tsakanin sandunansa kada ya wuce santimita 6 don kada kai ya shige ya maƙale. In a tsakar gida ake girki, to lokacin girki lokacin goyo ne, ko a miƙa shi ga babba. Kada a sha shayi ko kunu mai zafi da yaro a cinya. Lokacin hunturu, kaskon wuta a ɗaki haɗari biyu ne, ƙuna da hayaƙin gawayi mai kisa ba a ji wari ba. Kada a kwana da shi a rufaffen ɗaki.

Ƙasar da kanta tana ƙuna. Daga Maris zuwa Mayu zafin Sakkwato yana wuce digiri 40, siminti da yashin da rana ta daka sun fi iskar zafi nesa ba kusa ba. Ki ɗora bayan hannunki a kai ki ƙirga biyar. In ba ki iya jurewa ba, gwiwar jariri ba za ta iya ba. Tsakar gida sai da sassafe da bayan la'asar, da rana kuwa rumfa ko ɗaki.

Ruwa. Mutane suna tsoron rijiya, suna mantawa da bokiti. Kan jariri babba ne mai nauyi in aka kwatanta da girman jikinsa. In ya dafa bakin bokiti ya leƙa, kan ne yake rinjaya ya faɗa, ba ya iya fitowa, ba ya kuma iya kuka. Ruwan da bai wuce tsawon ɗan yatsa ba ya isa. A zubar da ruwan wanki da na wanka da zarar an gama, a kife baho, randa da duro su kasance da murfi mai nauyi, rijiya da murfin ƙarfe da kwado, bakin masai a rufe, ƙofar makewayi a saka mata sakata daga sama. In za ki amsa sallama kina tsakar yi masa wanka, ki ɗauke shi ki tafi da shi.

Guba. Kananzir da fetur a gorar lemo ko ta ruwa, su ne suka fi kai yara asibiti, saboda yaro ya san gorar da abin sha. Haka fiya-fiya, maganin ɓera da ake barbaɗawa a lungu, maganin feshin gona, takin zamani, omo, bilic, da magungunan manya, musamman ƙwayoyin ƙarin jini na masu ciki da maganin hawan jini na kaka da ake turawa ƙarƙashin filo. Duk su hau sama, inda babba ma sai ya miƙa hannu. Akwai kuma gubar da ba a gani, ta dalma. A 2010 yara sama da 400 suka mutu a Zamfara saboda ana niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, ƙurar ta zauna a ƙasar da suke rarrafe. Duk gidan da ke da mai zuwa haƙar ma'adinai, ko mai fasa tsofaffin batiran mota, kada a shigo da dutsen ko kayan aikin gida, a canza tufafi a yi wanka kafin a ɗauki yaro. Kwallin dutse ma yana ɗauke da dalma, yaro kuma yana murza ido ya kai hannu baki. Gara a bar idonsa haka nan.

Sauran a taƙaice: wayar caja kada ta yi reto, soket na ƙasa a toshe shi, fankar ƙasa a ɗora ta sama, talabijin da ƙaramar durowa a kafe su don zai dafa ya miƙe. Da zafi kunama tana fitowa, a kakkaɓe tabarma da takalma, a duba ƙarƙashin katifa. Duk abin da aka rataya masa a wuya da zare yana iya sarƙewa ya shaƙe shi, a cire.

Kaji da awaki

Wannan shi ne abin da aka fi rainawa, kuma mu a ganinmu ya fi kusan komai tasiri ga girman yaro. Gida mai kaji da jar akuya, ƙasarsa cike take da kashinsu ko da ido bai gani ba. Mai rarrafe yana dafa ta, yana tsotsar hannu, wani lokaci ya ɗauki kashin kazar da kansa ya kai baki. Sakamakon ba gudawa kaɗai ba ne. Hanjin da kullum yake fama da ƙwayoyin cuta ba ya tsotse amfanin abinci yadda ya kamata, sai a ga yaro yana ci amma ba ya ƙaruwa. Maganar "bar shi ya ci ƙasa, ƙarfi zai yi" ba ta da tushe.

A ware masa wurinsa: tabarmar leda mai faɗin kamar mita biyu kowane gefe, a inuwa, wadda ake wankewa da sabulu a shanya a rana. Ta leda ta fi ta kaba a wannan aikin, don tana wankuwa, ba ta kuma da tsinken da zai soki gwiwa. Kaji su shiga akurki, awaki su koma turke, a riƙa kwashe kashinsu safe da yamma. Takalman manya su tsaya a bakin ƙofa, domin zai tsotse su. A wanke masa hannu da sabulu kafin ya ci abinci da bayan ya taso daga ƙasa, a yanke masa farce duk mako. Kashinsa shi ma ba "kashin yaro ne kawai" ba, yana ɗauke da cuta kamar na babba. A zuba shi a masai, ƙunzugun da aka cire a ƙulle a leda, uwa ta wanke hannu da sabulu.

"Haƙora na, ƙyale shi"

Haƙoran farko, biyun ƙasa na gaba, yawanci tsakanin wata shida da goma suke fitowa, daidai lokacin rarrafe. Suna kawo dalala, ƙaiƙayin dasashi, cizon duk abin da ya samu, rigima, da ɗan ɗumin jiki. Ba sa kawo zazzaɓi mai zafi, ba sa kawo gudawa da amai. Abin da ya haɗa su shi ne lokaci: a watannin nan kariyar da yaro ya samo daga jinin uwarsa take raguwa, ya fara cin abinci, ya fara kai komai baki. Sai cuta ta shigo, a ɗora wa haƙora, a zauna jira har yaro ya galabaita. Yara da yawa an makara kai su asibiti saboda wannan kalma ɗaya. In ma'aunin zafi ya nuna digiri 38 ko sama, a je a yi gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar. Don ƙaiƙayin dasashi, tsaftataccen yatsa ko tsumma mai tsafta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya wadatar. A guji garin haƙora da ruwan haƙora na kemis: a ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 wani gurɓataccen maganin haƙora ya lalata ƙodar yara, sama da 80 suka mutu a Najeriya.

In gudawa ta zo, ruwan jiki ne abin tsoro. A haɗa ledar gishiri da sukari ta asibiti a ruwa mai tsafta daidai yadda aka rubuta a jikinta. Mai lita ɗaya, ledar ruwa biyu ke nan ta santilita 50. A ba shi rubu'i zuwa rabin kofi bayan kowace gudawa, da cokali, kaɗan-kaɗan. In ya yi amai a jira minti goma a ci gaba a hankali. Abin da ya kwana ya wuni a zubar a haɗa sabo. A haɗa da ƙwayar zinki, miligiram 20 kullum ga wanda ya wuce wata shida, kwana 10 zuwa 14, ko da gudawar ta tsaya a kwana na uku. Nono da abinci kada a tsayar. Maɗiga ta faɗa, ido ya zurma, fitsari ya ɗauke: ruwa ne ya ƙare a jikinsa, ba a shafa wa maɗiga komai, asibiti ake tafiya.

Cikinsa ƙarami ne, aikinsa ya ƙaru

Mai rarrafe yana ƙona abinci fiye da mai zama, ga shi hankalinsa ya tafi wasa. Nono ya ci gaba har shekara biyu, amma daga wata shida shi kaɗai ba ya isa. Daga wata 6 zuwa 8, abinci sau biyu zuwa uku a yini, a fara da babban cokali biyu ko uku, a riƙa ƙarawa har rabin kofi mai cin mililita 250. Daga wata 9 zuwa 11, sau uku zuwa huɗu, rabin kofi kowane ci, da ɗan abin taɓawa sau ɗaya ko biyu a tsakani.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne tsinkakken koko. Yana cika ciki da ruwa, yaro ya ƙoshi bai ci komai ba. Kunun yaro ya yi kaurin da in an karkata cokali ba zai zube ba. Haɗin da aka saba koyarwa a asibitoci shi ne awo shida na gero ko dawa ko masara, awo uku na waken suya, awo ɗaya na gyaɗa. A tsince, a wanke, a jiƙa waken suyan a cire ɓawonsa, a shanya, a soya kowanne daban sama-sama, a niƙa tare, a tankaɗe, a ajiye a mazubi mai murfi. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar da ita. A kan wannan a riƙa ƙara ƙaramin cokali na man gyaɗa ko manja, da ɗaya daga cikin waɗannan kullum: dafaffen ƙwai, hanta, kifin da aka tsince ƙayarsa tsaf, wake da aka dafa ya yi laushi. Hanta da nama da kifi su ne maganin ƙarancin jinin da ke kama yara a wannan shekaru. Kabewa, dankali, garin zogale, alayyafo, ayaba, gwanda, mangwaro in lokacinsa ne. Ƙwai ba ya sa yaro sata, ba ya hana shi magana.

A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, don a san abin da ya ci. A kwano ɗaya da yayye ba ya samun rabonsa. A zaunar da shi, kada ya ci yana rarrafe. Ɗura, wato a matse shi a toshe hanci a zuba kunu, tana tura abinci cikin huhu, a daina ta. Zuma sai ya cika shekara, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri. Nonon shanu da ba a tafasa ba, da furar da aka dama da shi, su ma a dakata. Ruwan sha a tafasa a ba shi a kofi, a ƙara yawansa da zafi.

Wata tara ranar asibiti ce

Iyaye da yawa suna kammala allurar sati shida da goma da sha huɗu, sai katin ya shige ƙasan akwati. A wata shida akwai ɗigon bitamin A, a wata tara akwai rigakafin ƙyanda da shawara da sanƙarau, a wata goma sha biyar akwai ƙyanda ta biyu. Kyauta ne a asibitocin gwamnati. Ƙyanda a jikin yaro mai tamowa tana buɗe ƙofa ga cututtuka masu muni, ciki har da noma mai cin baki da fuska, wadda Sakkwato ke da asibiti na musamman dominta tun 1999. Masu ɗigon shan inna in sun zo ƙofa a miƙa shi, ko ya karɓa a baya. Da damina kuma ana bi gida-gida da maganin rigakafin zazzaɓin cizon sauro ga 'yan wata 3 zuwa 59, wata-wata. Na ranar farko a gaban masu rabawa ake sha, na kwana biyun da ke biye a hannunki yake, kada ki bari. Duk zuwa asibiti a auna nauyinsa, a sa masa tef ɗin auna dantse: kore lafiya, rawaya gargaɗi, ja wato ƙasa da santimita 11.5 tamowa ce mai tsanani.

Barcinsa awa 12 zuwa 16 ne a yini da dare. Yanzu da yake motsi, gado mai tsayi ya zama haɗari, gidan sauro kuma ba ya tare faɗuwa. Katifa a ƙasa ta fi, a cusa gidan sauron ƙarƙashinta ta kowane gefe. Ƙiwa ma a watannin nan take tasowa: yaron da kowa ke ɗauka ya koma ihu in baƙo ya miƙo hannu. Alama ce ta cewa ya gane nasa, ba a ɓata shi ba. 'Yar raino mai shekara shida ko bakwai za ta iya yi masa wasa a gabanki, amma ba za a bar mata shi kusa da wuta ko ruwa ba. Ita ma yarinya ce.

In abu ya faru

Shaƙewa: in yana tari da ƙarfi ko kuka, a bar shi ya yi tarin. In ya yi shiru, ba kuka ba numfashi, ki kifa shi a kan dantsenki, kansa ƙasa da ƙirjinsa, ki tallafe haɓarsa, ki bugi tsakanin kafaɗunsa da gindin tafin hannu sau biyar. In bai fito ba ki juya shi rigingine, ki danna tsakiyar ƙirji, ɗan ƙasa da layin nonuwa, da yatsu biyu sau biyar. A yi ta maimaitawa ana neman abin hawa. Kada a zura yatsa ana lalube, yana ƙara tura abin ciki.

Ƙuna: a zuba ruwa mai sanyi, ba ƙanƙara ba, minti ashirin a kan wurin, sauran jikin a lulluɓe. Ba man goge baki, ba ƙwai, ba manja, ba toka. Kada a fasa ƙurjin da ya ɗuri ruwa, kada a fizge rigar da ta manne. A rufe da tsumma mai tsafta a tafi asibiti.

Kananzir ko fetur: kada a sa shi amai, kada a ɗura masa manja ko madara. Haɗarin a huhu yake, amai kuma shi ke kai shi can. A cire rigar da ta jiƙe, a tafi da shi da gorar, ko da ya ga kamar lafiya lau, don numfashin kan ɓaci bayan awanni. Harbin kunama ga jariri ma na asibiti ne, ba tsagawa ba ɗaurewa.

Faɗuwa: in ya yi kuka nan take, ya sha nono, ya koma wasa, a sa masa ido kwana ɗaya. Amai fiye da sau ɗaya, barcin da ba a iya tashinsa, jijjiga, kumburi mai taushi a kai, ko ruwa daga kunne, a tafi. Haka duk ranar da ya ƙi nono gaba ɗaya, ko yake aman duk abin da ya sha, ko numfashinsa ya kai 50 a minti yana kwance shiru, ko ƙasan ƙirjinsa yana lotsawa in ya ja numfashi.

Jinkirin da ya kamata a kai wa likita

Rashin rarrafe shi kaɗai ba abin tsoro ba ne in yaro yana zama, yana juyi, yana neman hanyar kai kansa ga abin da yake so. Abin dubawa shi ne wanda ya cika wata tara bai zama da kansa, ko jikinsa ya yi laƙwas ko ya sandare, ko in an tsayar da shi ƙafafun ba sa ɗaukar nauyi ko kaɗan wajen shekara ɗaya, ko kullum gefe ɗaya yake amfani da shi yana jan ɗayan, ko ba ya waiwayar sauti ba ya gwaranci, ko ya daina abin da ya riga ya iya. A faɗa wa likita in ya daɗe bai yi kuka ba da aka haife shi, ko ya yi shawara mai tsanani a satin farko, ko ya taɓa sanƙarau. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru na Sakkwato suna da sashen yara, kuma gashi da motsa gaɓoɓi sun fi amfani in an fara da wuri.

Abu biyu ba sa jiran ranar awo. Ƙafa ko hannun da ya saki farat ɗaya, a kai rahoto asibiti mafi kusa a ranar, za a ɗauki kashinsa a gwada shan inna. Sai kuma yaron da yake rarrafe lafiya, ya wayi gari ya ƙi dafa ƙasa, bayan hannunsa ko ƙafarsa ya kumbura yana zafi, yana ihu in an taɓa. Sau da yawa wannan ce alamar farko ta sikila, kuma bayan wata shida take bayyana. Kada a kai shi ɗori, kada a tsaga. A nemi gwajin jini, nasa da na iyayensa biyu.